Shekarar da Balkisu Ta Yi Shiru

Na san abin da kuka tashi da shi a kunnuwanku game da Yayarku. Kun ji an ce ta tafi bautar ƙasa ta shiga gasar sarauniyar kyau ba da sanin kowa ba, ta zubar mana da mutunci a idon Talata Mafara, aurenta ya mutu tun ba a ɗaura ba. Ku kuna ƙanana a lokacin, Abdullahi ma da yake babbanku bai gama firamare ba, don haka abin da aka zuba muku shi kuka sha. Yanzu gwiwoyina sun ƙi, idon hagu ya fara hazo, babanku kuma ya riga mu gidan gaskiya. Zan faɗi abin yadda ya faru, wanda zai ji haushina ya ji. Sunanta Balkisu. 'Yar fari ce, bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, amma takarda ba ta san kunya ba, saboda haka a nan zan rubuta shi.

A wancan lokacin muna cikin rufin asiri. Babanku, Malam Sa'adu, yana da fili a ƙarƙashin madatsar Bakolori, damina shinkafa, rani albasa. Ni kuma sana'ata gumi: in sayi shinkafa shanshera, in jiƙa, in turara, in shanya, a kai inji. Tsakar gidanmu kullum a shimfiɗe take da shinkafa, mai wucewa sai ya bi gefe yana raɓa bango, ni kuwa ina zaune da sanda ina faɗa da kaji da ku baki ɗaya. Malam mutumin kirki ne mai taurin kai. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma in ya ce wallahi, ko garin nan zai taru a kansa ba ya janyewa. Shi ya tsaya kai da fata Balkisu ta yi karatu har jami'a, lokacin da 'yan'uwansa ke ta gutsiri-tsoma. Yana ji da ita irin jin da namiji ba ya faɗa da baki. Sai dai ranar da ta zo hutu ka gan shi ya shigo da ƙunshin tsire, yana cewa wai shi ne ke marmari.

Kafin ta tafi bautar ƙasa aka fara maganar aurenta da Nasiru, wani malamin gona ɗan Bakura, yaro mai natsuwa wanda ita da kanta ta kawo. Duk da haka babanku ya ce sai an tambaye ta kamar yadda ake yi. Ya aika Maradun aka ɗauko yayarsa, Gwaggo Ige, wadda ba a yanke komai a zuri'arsu sai da ita. Ta zaunar da Balkisu a ɗakina ta tambaye ta sau uku ko tana son Nasiru. Yarinyar nan da ta yi shekara huɗu a jami'a tana muhawara da maza, sai ta cusa kai cikin gwiwa ta yi tsit. Gwaggo ta rangaɗa guɗa ta fita ta gaya wa maza cewa yarinya ta yarda. Haka ake yi a wurinmu, haka aka yi mini, shirun budurwa a kan maganar aure amincewa ne. Mutanen Bakura suka kawo lefe akwati uku, aka jera su a ƙuryar ɗakina, aka ce biki sai ta gama hidimar ƙasa.

Can Kudu aka tura ta. Tana da kwana biyar a sansani ta kira ni da hantsi, ina tsugunne ina juya shinkafa a kan tabarma. Bayan mun gaisa ta tambayi kowa da kowa har da akuyar da ta bari da ciki, sai ta fara kame-kame.

"Inna, an raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni za shi hidda mace guda ta hito da shigar garinsu. Ni ɗai ta 'yar Arewa cikin namu, sun matsa mani."

"Rawa za ki yi?"

"A'a, Inna. Tahiya ɗai za ni yi bisa dandali, in gaida mutane, in hwaɗi sunan garinmu. Amma kada in ɓoye maki, gasar sarauniyar kyau suka ce mata. Ni dai da lulluɓina za ni hita. Ko in kira Baba in tambaye shi?"

Ku lura da kyau, ita ta fara cewa a tambayi babanku. Ni ce na ce mata:

"Bar babanki, albasa ta cika mai kai. Ni na ba ki izini. Bari ma in aiko maki da zanen Iya."

Me ya hau kaina? Ba komai ba ne sai son a gani. Ni da kuke gani yau kamar busasshiyar kuɓewa, da ina budurwa a garinmu Morai in na fito kasuwa har masu awo sai sun rikice. Balkisu kuwa ni ta ɗebo, har ta ɗara. Na ji a raina bari mutanen Kudu su ga irin abin da muke haifa. Na buɗe adakata na ciro zanen saƙin mahaifiyata, baƙi mai ratsin ja, wanda ba na ɗaurawa sai da babban dalili. Na naɗe shi da murjani da 'yan kunnen azurfa, na tura cikin buhu, na rufe da gumi mudu biyu da ƙullin yaji, na ba wani direba a tasha. Da babanku ya dawo da yamma na ce masa na aika wa yarinyar nan da shinkafa. Ya ce Allah ya yi albarka.

Shekarar nan kuwa rediyo ba ta da magana sai ta auren jinsi. Farkon da na ji an ce namiji ya auri namiji, mace ta auri mace, na ɗauka mai karanta labarai ne harshensa ya zame. Ashe gardama ce ta gaske, ana ta yin ta a majalisa, da ƙasashen waje, da wuraren wa'azi. Maza a dandali ba su da wata hira. Mu mata a gidan suna sai dai mu ce "abin nan da aka ce," mu rufe baki da gefen mayafi. Ko a mafarki ban taɓa kawowa wannan magana za ta ratso ta shigo tsakar gidana ba.

Ranar wata Talata, kasuwa na tsakiyar ci, sai ga babanku ya shigo kafin azahar. Bai yi sallama ba. Ya tako ta tsakiyar shinkafata da takalmi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Daga baya na ji a kasuwa ya baro buhunan albasarsa a buɗe. Hannunsa riƙe da wayar wani. Ya miƙo mini ya ce:

"Rabi, duba. Gaya mani in idona na ka yi mani ƙarya."

Na karɓa. Hoton bidiyo ne na wani dandali da fitilu, mutane maƙil suna ihu. Sai ga Balkisu ta fito cikin zanen Iya, da farin lulluɓi, tana tafiya a hankali. Wallahi abin da na fara ji daɗi ne, don ta yi kyau har ban san lokacin da na yi murmushi ba. Wani mutum mai jar kwat ya tare ta da abin magana, ya yi Turanci mai tsawo yana wani rangwaɗa kai. Wurin ya ɗauki shewa, sannan ya yi tsit. Ya kai mata abin maganar baki. Balkisu ta dube shi, ta dubi mutane, ta sunkuyar da kai. Ta tsaya a haka tsawon da mutum zai karanta Fatiha sau biyu. Aka fara buga kujeru ana yi mata ihu, hoton ya yanke.

"Mi yac ce mata?" na tambaya.

Babanku yana jin Turanci daidai gwargwado.  Ya juya mini baya, ya fuskanci bango, sannan ya iya faɗa.

"Ya ce mata, ke da kih hito jihar Shari'a, kin yarda a bar namiji shi auri namiji, mace ta auri mace, ko ba ki yarda ba?"

Na zauna a kan shinkafa.  Na dinga duban wayar nan kamar za ta canza magana. Wane irin mutum ne zai tsayar da 'yar mutane a gaban dubban jama'a ya jefa mata wannan? Ni dai addinina bai yarda da abin ba, haka na tashi, haka zan koma ga Allah. Amma manyan da ake biya don su yi gardamar, da malamai masu rawuna, wata da watanni suna kai ruwa rana a kai. Sai yarinya mai shekara ashirin da uku, da ta fito nuna zanen kakarta, ita za a ce ta yanke hukunci a tsaye?

Babanku ba nan hankalinsa yake ba. Ya ce tun safe hoton ke yawo daga waya zuwa waya a kasuwa, tun daga 'yan albasa har 'yan awaki, kowa na cewa ɗiyar Malam Sa'adu an tambaye ta ba ta musa ba. Sai ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, duk wanda nis samu da hannu cikin abin ga, ko wa na, ya gama zama gidan ga."

Ina zaune a ƙasa, ku huɗu kuna leƙe daga ƙofar ɗaki, autarku Sa'adatu ko yaye ta ban yi ba. Na ji rantsuwar nan ta sauka a tsakiyar kaina. 

Washegari Gwaggo Ige ta iso daga Maradun a motar farko. Ko lulluɓi ba ta cire ba ta ce a nuna mata. Ta kalla sau ɗaya ta yi salati, ta kalla na biyu ta matso da wayar kusa da ido. Tsohuwar nan allura ba ta gani, amma zane ko a duhu ta san mai shi.

"Rabi, wanga ba saƙin uwarki na ba? Ya anka yi yat tahi Kudu?"

Babanku na tsaye a bakin ƙofa. Ban shirya ƙarya ba, na rantse muku. Ita ta fito da kanta, sumul, kamar dama tana jira a bayan haƙorana.

"Ni ma yanzu nig gane shi, Gwaggo. Ɗauka tay yi ban sani ba."

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Har da ɗauke-ɗauke?" Babanku ya juya ya fita. Ni kuma na tashi na hura wuta na ɗora tukunya, ina mamakin yadda hannuna ke aiki lafiya lau.

Ran Alhamis da hantsi mutanen Bakura suka zo, su uku, Alhaji Bawa baffan Nasiru ne a gaba. Dattijo ne mai sanyin magana, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don sun san za a saurare su. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Ni na laɓe a bayan ƙofar da ke shigowa cikin gida, da buta a hannu don in an gan ni in ce ruwa zan kai. Suka yi gaisuwa kamar ba abin da ya kawo su: an kwana lahiya, ya gida, ya iyali, ya aikin rani, ya ruwan madatsa bana, ya muka ji da zahi. Sai da suka ƙare tas, sannan Alhaji Bawa ya gyara zama.

"Malam Sa'adu, ba hwaɗa yak kawo mu ba. Tambaya mu ka yi. Ranar da anka tambayi ɗiyarka ko tana son ɗanmu, mi tac ce?"

"Shiru tay yi."

"Munka ce ta yarda, munka kawo kaya. To ga shi an tambaye ta wata maganar aure gaban duniya, ta sunkuyar da kai ta yi shiru irin wancan. Yanzu wane shiru za mu ɗauka, wane za mu bari? Mutanen Bakura na tambayata, ni kau ban da amsa."

 Sai a lokacin na gane abin da garin ke nufi. Ni ina ganin yarinya ta ji kunya, su suna ganin budurwa ta amsa yadda budurwa ke amsawa. Kuma ba wanda zai ce musu ba haka al'ada take ba, don da wannan shirun muka karɓi lefensu.

Babanku ya ce a ji daga bakinta. Ya kira ta ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Ta yi sallama, muryarta a dishe, da ji ta kwana biyu tana kuka. Ya gaya mata su wa ke zaune, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tambaye ta.

"Wallahi, Baba, ban yarda da shi ba. Bakina na yaƙ ƙi buɗewa. Na ga ana ɗauka da waya, na san za ka gani. Ni ban taɓa hwaɗin ko kalmar aure gabanka ba, balle wagga."

Alhaji Bawa ya gyaɗa kai. Can ya ce:

"Na ji, kuma na gaskata ta. Wagga ɗiya ta da kunya, zan iya gaya ma mutanenmu haka. Saura guda. In wani babba nata yab ba ta izinin hawa dandalin ga, laihin na babba na, mu manya mu ji da junanmu, biki na nan. In kau da kanta tay yanke, ba ta shawarci uwa ba, ba ta shawarci uba ba, to ba mu iya kai ma ɗanmu macen da ba ta tambaya."

Kun ji. Kalma ɗaya daga bakina ta isa. Na ji takun babanku yana tasowa, na yi maza na koma gindin murhu. Ya shigo ya tsaya a kaina, Gwaggo Ige na zaune a kan turmi tana kallonmu. Murya ƙasa-ƙasa ya yi magana, kamar mai roƙo.

"Rabi, kin ji abin da Alhaji yac ce. Ko da wasa, ko a waya, ba ta taɓa gaya maki ba?"

Na dubi Sa'adatu tana rarrafe wajen tabarma. Na tuna gidanmu na Morai, iyayena duk sun rasu, sai ƙanena da matansa biyu a ɗaki uku. Na tuna rantsuwar ran Talata. Na san sarai rantsuwa tana da kaffara, malaminmu na Islamiyya ya karantar da mu, mutum ya ciyar da miskinai goma ya wuce wurin. Amma tsoro ba ya tuna karatu.

"Ba ta gaya mani ba," na ce.

Ya koma zaure, na bi bayansa na sake laɓewa. Wayar na nan a buɗe.

"Balkisu, wa yab ba ki izini?"

Ta ɗan jima. Abin da zan faɗa yanzu shi ya fi komai yi mini nauyi: ina tsaye a bayan ƙofar nan ina roƙon Allah kada 'yata ta faɗi gaskiya.

"Ba kowa, Baba."

"Zanen hwa? Uwarki ta ce ɗauka kiy yi ba ta sani ba."

Wannan karon shirun ya fi tsawo. Ina jin numfashinta ta cikin wayar. Ba ta san na faɗi haka ba sai a lokacin, a gaban surukanta.

"Haka na, Baba," ta ce.

Ran Asabar suka aiko mata biyu da mota a kori-kura. Ni na buɗe musu ɗakina, ni na taya su ciccibar akwati na uku har zaure, ina ce musu su yi a hankali da ƙofa. Nasiru ya zo sau biyu ya durƙusa gaban babanku, ya je ya durƙusa gaban baffansa, ba abin da ya sauya. Shekara na zagayowa aka ɗaura masa aure da wata 'yar garinsu. Babanku ya daina zama dandali, ya daina zuwa kasuwar Talata da kansa, sai dai ya ba da albasa a sayar masa. In Balkisu ta kira ya amsa gaisuwa ya miƙo mini wayar. Ni da ita kuwa mu yi maganar zafi da ruwan sama da lafiyarku. Wata goma sha ɗaya muna haka, ko sau ɗaya ba ta ce mini "Inna, don me?" ba. Sau nawa ina ɗaukar abincin babanku da niyyar yau zan faɗa, in ajiye kwano, in ce masa miya ta yi gishiri ko ba ta yi ba, in fito.

Da ta gama hidimar ta dawo, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Kwana uku kawai ta yi, don ta samu aikin koyarwa a Kaduna, inda kuka san ta har yau. A rana ta biyu da la'asar muna kwashe shanya ni da ita, na yi ƙarfin hali na tambaye ta yadda abin ya faru a can. Ta ba ni labari tana tara shinkafa da tsintsiya, ba ta dube ni ba. Ta ce 'yan matan da suka riga ta, wata an tambaye ta abincin garinsu, wata an tambaye ta abin da za ta yi in ta zama gwamna. Ita kaɗai aka ajiye wa wannan, saboda an ga lulluɓi an ji sunan Zamfara, ana son wurin ya yi zafi.

"Inna, rabin wurin jira su kai in yi zagi su yi tahi. Rabi jira su kai in yi zagi su ce ga 'yar ƙauye mai ƙin mutane. Ba wanda ad damu da abin da ke raina. Ni kau ban iya tsayawa bisa dandali in zagi mutanen da ban taɓa gani ba don a ba ni kambi. Kuma ban iya cewa na yarda da abin da ban yarda da shi ba. Ina cikin neman yadda za ni hwaɗa da ladabi, sai nit tuna Baba."

Ta ce washegari a sansanin wasu suka daina gaishe ta, wai shirunta ƙiyayya ce ta ɓoye. Na tsaya da kwarya a hannu, baki buɗe. Shiru guda ɗaya, can an ce ƙi ne, nan an ce so ne, kuma duka biyun an hukunta ta a kai. Na ce a raina yanzu ne lokacin, Rabi, buɗe baki ki roƙe ta gafara. Sai ga sallamar babanku daga zaure, tare da Gwaggo Ige da ya aika aka ɗauko.

Ashe shiri ya yi. Ya zauna a kan kujerarsa, Gwaggo ta zauna a tabarma, ya sa aka kira ku duka kuka jeru jikin bango. Abdullahi, kai na san kana tune da wannan. Ya ce shi ya gaji da riƙon abin a ransa, ɗiya ɗiya ce, ya yafe mata hawa dandali. Amma akwai haƙƙin da ba nasa ba.

"Uwarki kiɗ ɗaukar ma kaya ba da saninta ba. Ita za ki roƙa, gaban ƙannenki, don su koya."

Balkisu ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da zanen Iya a wanke, a goge, an ninke shi huɗu, murjanin da 'yan kunnen a sama. Ta tako har gabana ta durƙusa gwiwa biyu a ƙasa. Ta ɗora zanen a kan cinyata. Sannan ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da 'yar fari ba ta yi.

"Inna, ga zanenki da niɗ ɗauka. Ki gahwarta mani."

Kowa ya zuba mini ido. Babanku yana jira, Gwaggo tana jira, ku kuna jira. Ita ma tana jira, kuma ni kaɗai na san abin da take jira.

Na ɗora hannu a kanta na ce, "Na yahe maki."

Ta ce, "Na gode, Inna." Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba da tara shinkafar.